Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Waɗanda Likita Ya Ce Suna da Ciwon Baifola

Assalamu alaikum 'yan'uwa,

Bayan gaisuwa da yi muku sannu da jiki. Mu ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ne, kuma abin da ya sa muka rubuto muku wani ɗan lissafi ne. Idan jiki ya lafa, likita zai riƙa ganinku na 'yan mintoci sau ɗaya a wata, ko ma a wata uku. Sauran kwanakin duka daga ku sai ciwon. Ranar da zai fara motsi ba a gaban likita za ta riske ku ba, a gida za ta same ku, da daddare, kun yi juyi kun yi juyi barci ya ƙi zuwa. Wanda ya san abin da yake gani a daren nan ya tsira daga abubuwa da yawa.

An gwada wannan magana. A shekarar 2003, Francesc Colom da Eduard Vieta da abokan aikinsu a birnin Basalona na ƙasar Sifen sun fitar da sakamakon binciken da suka yi da masu wannan ciwo su 120. Dukansu suna shan magani. Rabinsu aka yi musu zama 21 ana koya musu ciwon da alamominsa da magungunansa, sauran kuma ana haɗuwa da su ba tare da darasi ba. Waɗanda aka koya wa sun fi daɗewa ciwon bai tashi ba, kuma da aka bibiye su har shekara biyar bambancin yana nan. Ga kaɗan daga abin da ake koyarwa a irin wannan zama.

Abu na farko, ku tambayi likita wane iri ne naku. Baifola ciwo ne mai gefe biyu, hawa da faɗuwa. Hawan mai tsanani shi ake kira maniya: mutum ya yi aƙalla kwana 7 yana jin kansa a sama ko yana tafasa da fushi, barcin awa biyu ko uku ya ishe shi ba tare da gajiya ba, magana kamar an kunna famfo, tunani na tsere, kashe kuɗi ba lissafi, wani lokaci har ya yarda cewa an ba shi wani matsayi ko wata baiwa da ba kowa ke da ita ba. Idan abin ya kai ga kwanciya asibiti, maniya ne ko da bai cika kwana 7 ba. Duk wanda ya taɓa yin maniya ko da sau ɗaya, nasa iri na ɗaya ne. Akwai ƙaramin hawa, haifomaniya, wanda ke ɗaukar aƙalla kwana 4, na kusa su lura mutum ya canza amma bai fita hayyacinsa ba. Mai ƙaramin hawa tare da faɗuwa mai nauyi, nasa iri na biyu ne. Faɗuwar kuwa ita ce matsananciyar damuwa ta aƙalla mako 2: komai ya fita daga rai, jiki ya mutu, barci ya yi yawa ko ya gudu, mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani.

Kada kowa ya ce muku iri na biyu wasa ne. Masu shi sukan fi daɗewa a cikin faɗuwa, kuma ko masu iri na ɗaya kwanakin da suke yi a ƙasa sun fi waɗanda suke yi a sama yawa nesa ba kusa ba. A nan ne ma ake samun jinkirin gane ciwon. Ba wanda ke zuwa asibiti don yana jin daɗi da ƙarfi, sai ya faɗi yake zuwa, sai a ɗauka damuwa ce zalla, a yi shekaru ana maganin rabin ciwo. Akwai kuma yanayin da hawa da faɗuwa ke cakuɗuwa, jiki cike da kuzari zuciya cike da baƙin ciki. Wannan yana cikin mafi haɗari, domin ga mugun tunani ga kuma ƙarfin aikata shi.

Wanda ya tashi da fara'a da safe ya ɓata rai da yamma, ba wannan ake nufi ba. Zangon baifola kwanaki ne da makonni, har watanni. Ko abin da likitoci ke kira saurin juyawa, zango 4 ko fiye ne a cikin wata 12. Ciwon yakan fara ne daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa farkon shekaru ashirin, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu shi sun kai kusan miliyan 40 a shekarar 2019. Gado na da hannu sosai a cikinsa, amma akasarin 'ya'yan masu ciwon ba sa samunsa. Ba raunin hali ba ne ya jawo muku shi.

Yanzu sai maganar da muka fi so ku riƙe. Ciwon ba ya faɗowa kamar aradu. Kusan kowane mai shi yana da 'yan alamomin da ke riga shi zuwa da kwanaki ko makonni, kuma sukan maimaita kansu iri ɗaya a wajen mutum ɗaya. Wani sai ya fara kiran mutanen da ya shekara bai nema ba. Wata sai ta hau gyaran ɗaki da ƙarfe biyun dare. Wani ya buɗe sababbin harkoki uku a mako guda, wani kuma abu kaɗan ya hau faɗa da kowa. A gefen faɗuwa, sai mutum ya daina ɗaga waya, wanka ya zama aiki, ya fara ɗage abin da ya saba yi cikin minti biyar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku zauna a lokacin da kuke lafiya, ku tuna zangon da ya wuce, ku rubuta abubuwa uku zuwa biyar da suka fara canzawa kafin kowa ya gane, a jere yadda suka zo.

Sai dai karin maganar nan tana da iyaka a wannan ciwo. Idan hawa ya yi nisa, abin da ya fara ɗaukewa shi ne ikon gane cewa ba a da lafiya. Mai ɗakin yana tsaye ruwa na zuba a kansa yana cewa bai taɓa jin daɗi irin na yau ba. Shi ya sa rubutun bai isa ba sai da mutum na biyu. Ku zaɓi wanda kuka amince da shi, wanda ke ganinku kusan kullum, ku ba shi kwafin takardar, ku ba shi izini tun yanzu ya faɗa muku idan ya ga alama, ya kuma kira likita ko da a ranar kun ce ba ku yarda ba. Ku rubuta abin da za a yi: wa zai riƙe katin banki, wa zai riƙe makullin mota, wane asibiti za a nufa, wane magani ya taɓa yi muku aiki, wanne ya taɓa cutar da ku. Ku ƙara wa kanku doka guda: duk wata babbar shawara, ta barin aiki ce, ta sayar da kadara, ta aure ko rabuwa, sai ta kwana biyu, kuma sai mutum biyu da kuka yarda da hankalinsu sun ji ta.

Hanya mafi sauƙi ta kama alamomin ita ce littafin yanayi. Layi ɗaya a rana ya wadatar, kafin kwanciya: awa nawa aka yi barci, an sha magani ko ba a sha ba, sai maki daga 3 ƙasa da sifili zuwa 3 sama da sifili, sifili na nufin daidai. Mata su ƙara ranakun al'ada. Amfaninsa ba ya fitowa a mako guda, sai an yi wata biyu ko uku a ga zane ya bayyana. Inda ake kuskure shi ne a bari sai ranar ganin likita a cike shi da ka. Wanda ke cikin faɗuwa yana tuna duk watan a matsayin baƙi, wanda ke sama yana tuna shi fari fat, duka biyun kuma ba su faɗi gaskiyar watan ba.

A cikin duk abin da za ku rubuta, barci ne kan gaba. Raguwar buƙatar barci ita ce alamar hawa da aka fi gani da wuri, kuma rashin barcin da kansa yana iya tayar da hawa, don haka abin zagaye yake yi: dare ɗaya ba barci ya jawo na biyu, na biyu ya jawo na uku. Ku bambance tsakanin wanda ya kasa barci ya tashi a gajiye da wanda ya yi awa uku ya tashi garau kamar an yi masa caji. Na biyun ne abin tsoro. Idan haka ta faru dare biyu a jere, ku nemi likita a rana ta uku, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati. Ku tsayar da lokacin tashi guda ɗaya kullum, har ranar hutu. Aikin dare na karɓa-karɓa, doguwar tafiyar jirgi da ke canza agogo, da raya dare saboda jarrabawa, duk sun sha tayar da ciwon da ya yi shekara a kwance.

Mu koma kan magani. Sunayen da za mu ambata mun rubuta su yadda ake furta su, rubutun jikin kwali zai ɗan bambanta, don haka ku sa mai ba da magani ya nuna muku wanne ne naku.

Litiyam shi ne tsohon hannu. Wani likita a Ostareliya, John Cade, shi ya bayyana amfaninsa a kan maniya a shekarar 1949, kuma har yau yana cikin mafi ƙarfi wajen hana ciwon dawowa da rage haɗarin kashe kai. Matsalarsa ita ce tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da adadin da ke zama guba ƙanƙanuwa ce. Yawanci ana so ya tsaya tsakanin 0.6 da 0.8 na milimol a kowace litar jini, wasu a kai su har 1.0. Daga 1.5 guba ta fara, daga 2.0 rai na cikin haɗari. Saboda haka ake gwajin jini mako guda bayan farawa ko bayan canza adadi, a ci gaba duk mako har ya tsaya, sannan duk wata 3 a shekarar farko. Ƙoda da tayirod (wata 'yar halitta a wuya mai daidaita kuzarin jiki) da sinadarin kalsiyam kuma a duba su duk wata 6, domin litiyam na iya rage aikin tayirod, mutum ya riƙa jin kasala da sanyi da ƙiba a ɗauka faɗuwa ce ta dawo.

Jinin awa 12 bayan shan magani na ƙarshe ake ɗauka. Wanda ya sha ƙarfe 9 na dare, ƙarfe 9 na safe za a ɗebi jininsa. Mai sha sau biyu a rana ya ajiye na safe sai an gama. Ga abin da ke faruwa idan aka saɓa: mutum ya haɗiyi ƙwaya ya tafi gwaji bayan awa biyu, sakamako ya fito sama, likita ya rage adadi, bayan wata biyu ciwo ya tashi, kowa na mamaki.

Ku fahimci dalilin da ke sa litiyam ya taru a jiki, domin wanda ya gane dalilin ba ya buƙatar haddace dokoki. Ƙoda ce ke fitar da shi, kuma tana ɗaukarsa kamar ɗan'uwan gishiri. Duk lokacin da ruwa ko gishiri ya ragu a jiki, ƙoda sai ta hau riƙe gishiri, ta riƙe litiyam tare da shi. Ke nan zawo, amai, zazzaɓi, gumi mai yawa, daɗewa ba a sha ruwa ba, ko yanke cin gishiri farat ɗaya, kowanne na iya ɗaga shi alhali ba a ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Haka magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, da wasu magungunan hawan jini, musamman masu sa fitsari da dangin lisinofiril da losatan. Farasitamol ba ya yin haka. Ɗan rawar hannu mara ƙarfi da ƙishirwa da yawan fitsari abu ne da aka saba gani. Amma idan rawar hannun ta yi ƙarfi har kofi ya gagara riƙewa, ga amai ko zawo, ga tangaɗi, harshe ya yi nauyi, gani ya dushe, barci na fizga, a dakatar da ƙwaya ta gaba a tafi asibiti a ranar, a ce musu ana shan litiyam. Idan kuma an manta ba a sha ba, kada a haɗa biyu don ramuwa.

Balfurowet yana aiki a kan hawa, amma 'yan'uwa mata ku ji wannan da kyau. Idan aka sha shi da juna biyu, kusan jariri 1 cikin 10 na zuwa da nakasa a halitta, kuma 3 zuwa 4 cikin 10 na samun matsalar girman ƙwaƙwalwa da koyo. Duk macen da za ta iya ɗaukar ciki ta tambayi likita ko akwai wani zaɓi. Wadda ta riga ta samu ciki tana shansa kuwa ta nemi likita cikin gaggawa, kada ta yanke shi da kanta. Karbamazefin kuma yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa, a sha ta yadda ya kamata amma ciki ya shiga.

Lamotirijin ya fi amfani wajen tare faɗuwa, ba ya kwantar da hawan da ya riga ya tashi. Da gangan ake hawa da shi a hankali: yawanci miligiram 25 a rana na mako 2, sai 50 na mako 2, sai 100, sai 200. Mai shan balfurowet kuma da ƙasa da haka zai fara, domin balfurowet na sa shi taruwa. Dalilin wannan jan ƙafa shi ne wasu mugayen ƙuraje da kan fito, galibi a mako 8 na farko, waɗanda idan suka yi tsanani fata na saɓulewa. Ƙuraje tare da zazzaɓi ko gyambo a baki ko jan ido, a daina sha a ga likita a ranar. Wanda ya yi kamar kwana 5 bai sha ba, kada ya koma kan tsohon adadinsa, sai an sake farowa daga ƙasa.

Sai rukunin su olanzafin, kwetiyafin, risferidon, arifirazol da haloferidol. Suna saurin sauko da hawa, kwetiyafin kuma har faɗuwa yana yi wa aiki. Olanzafin da kwetiyafin suna buɗe ciki, nauyi ya ƙaru, sukari da kitsen jini su hau. A auna nauyi da sukari da kitse kafin farawa, a sake bayan mako 12, sannan duk shekara. A makonnin farko ne nauyin ya fi saurin hawa, a nan ne ya kamata a taka masa burki. Arifirazol da haloferidol kan sa mutum ya kasa zama wuri ɗaya, ƙafa na ta motsi. Sau da yawa ana ɗauka ciwon ne ke tashi a ƙara adadi, abin ya ƙara muni. Ku faɗa wa likita daidai yadda kuke ji da ranar da ya fara.

Maganin damuwa na yau da kullum, irin su fuluwoksetin da amitirifitilin, idan aka sha shi kaɗai ba tare da mai daidaita yanayi irin su litiyam ba, yana iya wurga mai baifola sama, musamman mai iri na ɗaya. Haka firednisolon da dekzametazon da ake bayarwa don asma ko kumburi. Shi ya sa duk likitan da za ku gani, ko na haƙori ne, ku gaya masa ciwonku da abin da kuke sha. Wiwi da barasa da ƙwayoyin ƙara kuzari kuwa ba sai mun ja magana ba: suna tayar da ciwon, suna kuma hana magani aiki.

Mun san ranar da aka fi barin magani. Ba ranar wahala ba ce, ranar da aka ji sauƙi ce. An yi wata shida lafiya lau, sai zuciya ta ce an warke, ko ma tun farko likita kuskure ya yi. Wasu kuma, mu faɗi gaskiya, kewar hawan suke yi, domin ƙaramin hawa yana da daɗi, kai na ja, aiki na gudu, kunya ta kau. Wasu ƙiba ce ta ishe su, ko nauyin jiki da safe, ko raunin sha'awa da suke jin nauyin faɗa. Duk waɗannan dalilai ne na gaske, kuma kusan kowannensu yana da gyara: a rage adadi, a maida shan magani dare, ko a canza wani. Abin da ke da haɗari shi ne yankewa farat ɗaya. Wanda ya yanke litiyam haka, haɗarin maniya a watannin farko yana hawa sosai, haka ma haɗarin kashe kai. Idan za a daina, a hankali ake saukowa, cikin aƙalla mako 4, an fi so ma a kai wata 3, likita na bibiya.

Mai shirin haihuwa ta fara magana da likitan ƙwaƙwalwa kafin cikin ya shiga, tun da sauran lokacin gyara magani. Makonni biyun farko bayan haihuwa su ne mafi haɗari a rayuwar mace mai baifola. A cikin sauran mata, 1 zuwa 2 cikin 1,000 ne ke samun rikicewar hankali bayan haihuwa, amma a wajen mai iri na ɗaya haɗarin ya ninka haka sau da yawa. Tun kafin a haihu a tsara wanda zai karɓi jariri da daddare don uwar ta samu barci mai tsawo a haɗe, a kuma yanke wane magani za a koma a ranar farko.

Akwai abubuwan da ba a jira da su gari ya waye. Tunanin kashe kai, musamman idan ya kai ga tsara yadda za a yi. Jin muryoyi, ko yarda da abin da kowa ya ce ba haka ba ne. Kwana uku ba barci. Alamomin gubar litiyam da muka lissafa. A irin wannan hali a tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, kuma kada a bar mutum shi kaɗai. Faɗa wa wani cewa irin wannan tunani na zuwa ba ya ƙara shi, kuma tambayar mutum kai tsaye ba ta dasa masa shi a rai. Wanda ke cikin faɗuwa ya ba amintaccensa ajiyar magungunan, a riƙa ba shi na 'yan kwanaki, domin litiyam da yawa a lokaci ɗaya yana kisa.

Ranar da za ku koma asibiti, ku tafi da littafin yanayin, da kwalayen duk abin da kuke sha har wanda kuka saya da kanku, da mutumin da kuka zaɓa idan zai samu zuwa. Ku tambayi irin naku, ku tambayi lambar da gwajin jininku na ƙarshe ya nuna ku rubuta ta da kwanan wata, ku tambayi ranar gwaji na gaba, sannan ku tambayi wa za ku nema idan barci ya ƙaurace muku dare biyu alhali ranar ganin likita saura wata guda.

Allah Ya ƙara sauƙi.

Wassalam,
Daga wasu ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa